Wai dainoson nan gaskiya ne ko Turawa ne suka shirya mana shi?

Baban Ilham:
Salam jama'ar gida. Ina da tambaya amma don Allah kar a ce na cika gardama. Wannan dabbar da ake ce wa dainoso, wadda ta cika rigunan yara da jakunkunan makaranta da katun, har in data ta ƙare maka Chrome ya fito da ita tana ta tsalle, wai da gaske an taɓa yin ta a duniya? Ni dai a nawa ganin ƙirƙira ce ta masu fim, don ban taɓa jin kakanninmu sun ambace ta ba, babu ita a tatsuniya babu ita a littafan malamanmu, kuma kullum sai a Amurka ake ganin ta. Me ya sa ba a taɓa tono ta a nan ba in da gaske ne?

Maman Hanif:
Wallahi Baban Ilham ka riga ni a baki. Nawa yaron bai san sunan bishiyar da ke ƙofar gidanmu ba amma ya haddace T-rex da wani mai ƙaho uku

Ɗan Agadas:
Wa alaikumus salam. Yaya Baban Ilham, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta ba ni dariya. An tono a nan mana, a nan ɗin ma kuwa aka fi tonowa. Jihar Agadas tana cikin wurare mafi arzikin ƙasusuwan dabbobin nan a duk Afirka. Akwai wani wuri Gadufawa a bakin hamadar Tenere, kudu maso gabas da garin Agadas, can ba ma sai ka yi haƙa ba, iska ce take yaye rairayi sai ka ga ƙashin baya jere a ƙasa. Haka wajen Ingal da Marandat da gindin tsaunin Tigidit. Kuma in ka je Yamai ka shiga muze, wato gidan tarihi na Bubu Hama, akwai kwarangwal a tsaye, 'yan lakol suna zuwa kallo kullum.

Baban Ilham:
To wa ya tono? Ba dai su ba ne?

Ɗan Agadas:
Su ne suka zo da takarda da biro, amma wa ya nuna musu hanya? Faransawa masu neman yuraniyom ne suka ci karo da ƙasusuwan Gadufawa, sai aka turo wani matashi Philippe Taquet daga Faris a tsakiyar shekarun 1960, shi ya fito da Ouranosaurus, mai cin ciyawa mai tozo dogo a gadon baya, ya ba shi suna a 1976. Daga baya Paul Sereno na jami'ar Shikago ya fara zuwa, 1993 suka samu Afrovenator, 1997 suka samu Suchomimus mai dogon baki yana cin kifi. Amma makiyaya sun san da ƙasusuwan nan tun kafin a haifi kakan Sereno. Abzinawa suna da wata halitta a labaransu da suke ce wa Jobar, ita suke jingina wa manyan ƙasusuwan, shi ya sa da aka haɗa wani ƙato mai dogon wuya da aka haƙo a yankin Tigidit aka sa masa Jobaria a 1999. Don haka batun kakanni ba su sani ba, sun sani, sun dai ba shi nasu bayanin.

Malamin Kimiyya:
Madalla da Ɗan Agadas. Bari in ƙara kaɗan don ina koyar da wannan a aji kuma tambayar Baban Ilham ita ce wadda yara suke yi min duk shekara. Abu na farko, shakkar nan tana da tushe, ba wauta ba ce. Yawancin kwarangwal ɗin da kuke gani a hotunan gidajen tarihi kwafi ne, ana zuba shi da roba ko filasta, saboda ainihin ƙashin ya riga ya zama dutse, ma'adinai sun shiga sun cike shi, nauyinsa ba zai bari a rataye shi sama haka kawai ba, ga tsoron karyewa. Kuma da wuya a samu dabba cikakkiya, sai a cike gurbin da ya ɓata da na 'yan uwanta. Launin fata da irin kukan da take yi a fim kuwa, wannan mafi yawa aikin mai zane ne da mai haɗa sauti. To mutum in ya ji an ce kwafi ne sai ya ce ai dama na faɗa. Amma na asalin yana nan a ɗakin ajiya, ana aunawa ana ɗaukar hoto, masana daga ƙasashen da ko ga maciji ba sa yi da juna suna zuwa su duba, Sin na tonowa, Ajantina na tonowa, Maroko da Masar da Mongoliya duk suna tonowa. Ƙaryar da za ta haɗa kan waɗannan duka ai ta fi dainoson kansa ban mamaki.

Basakkwace:
Ku tsaya ku ji ta gida. Mu nan Sakkwato ma an samu namu. Akwai wata dabba da anka sa ma suna Goronyosaurus, daga Goronyo, wasu 'yan Italiya ne sunka ba ta sunan a 1972. Kuma akwai wani kada Sokotosuchus. Mi kuke so kuma

Malamin Kimiyya:
Gaskiya ne Basakkwace, sai dai Goronyosaurus ba dainoso ba ne, ƙaton ƙadangaren teku ne da ya yi zamani da na ƙarshensu. Kuma abin lura a nan shi ne tekun. A lokacin nan ruwan teku ya ratsa Sahara ya kwanta a inda Sakkwato da Tawa suke yanzu. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, kwancin teku ce, in ka duba da kyau za ka ga bawon halittun ruwa a ciki.

Basakkwace:
To ai shi kenan, mun yi teku mun gama tun kafin Legas ta san gari ya waye

Maman Hanif:
Hhhh kai Basakkwace Allah ya shirye ka

Abu Sumayya:
Ni ba ƙashin nake musu ba, shekarun nake musu. A ce wai shekara miliyan 100, miliyan 200, wa ya ƙirga? Wa yake nan? Kuma ina tsoron irin wannan karatun shi ne ƙofar da ake bi a cusa wa yara cewa babu Mahalicci, daga dainoso sai a ce maka kakanka biri ne. Mu yi hattara.

Ustaz na Tudun Wada:
Abu Sumayya, hattara tana da kyau amma kar mu ɗora wa addini abin da bai ce ba. Alƙur'ani bai ce dabbobin da ya ambata su kaɗai aka halitta ba, a cikin Suratun Nahli bayan an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna sai aka ce kuma Yana halittar abin da ba ku sani ba. A Ankabut aya ta 20 kuma an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Babu wani nassi ingantacce da ya ƙayyade wa duniya shekara dubu shida, wannan lissafin na wasu malaman Kirista ne a Turai, kuma rigimar da kuke gani a YouTube tsakanin masu dainoso da masu coci rigimar Amurka ce, mu muka je muka aro ta. Maganar asalin ɗan Adam kuwa babi ne daban, muna da nassi a kai, kar a cakuɗa. Abin da na fi jin haushi shi ne hotunan nan da ake yaɗawa a WhatsApp na ƙaton ƙoƙon kan mutum ana cewa Adawa ne ko Samudawa aka tono, haɗi ne na kwamfuta, amma su muna turawa da Allahu Akbar, ƙashin gaske da yake kwance a Agadas kuma mu ce ƙarya ne.

Abu Sumayya:
Allah gafarta Malam na ji, amma ba a ba ni amsar ƙirgen ba har yanzu

Malamin Kimiyya:
Ga ta nan. Ba ƙashin ake aunawa ba yawanci, duwatsun da ke sama da ƙasa da shi ake aunawa. Idan dutse mai aman wuta ya yi toka ta kwanta, a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da yuraniyom, shi kuma yuraniyom a hankali yake rikiɗewa ya koma dalma, da saurin da aka auna a ɗakin gwaji kuma ba ya canzawa don zafi ko sanyi. Sai a duba nawa ya rage nawa ya rikiɗe, a fitar da shekaru. Inda babu tokar sai a kwatanta da wasu wuraren da suke da ita, kuma a nan ake yin kuskure wani lokaci. Jobaria ɗin da aka ambata, da farko an ce shekararsa wajen miliyan 135, daga baya wasu suka sake nazarin duwatsun suka ce ya haura miliyan 160. Su da kansu suka gyara. Amma lura, gyaran daga miliyoyi ne zuwa miliyoyi, ba wanda ya auna ya samu dubu biyar. Kuma wannan ilimin duwatsun da shi ake gano inda fetur yake da inda yuraniyom ɗin Arlit yake, kamfani ba zai zuba biliyoyi a kan lissafin da ba ya aiki ba.

Injiniya:
Tunda an ambaci fetur, ba daga gawar dainoso yake fitowa ba kamar yadda ake faɗa, daga ƙananan halittun teku ne da ido ba ya gani. Wani kamfanin mai na Amurka, Sinclair, ya sa dainoso a tambarinsa, ya taimaka wajen dasa wannan a kan mutane.

Ni abin da ya fi jan hankalina ma shi ne yadda kowane zamani yake zana dainoso da kamannin kansa. Richard Owen ne ya ba su wannan sunan a Ingila a 1842, kuma da aka gina gumakansu a Crystal Palace a Landan a 1854 sai aka yi su jibga-jibga masu rarrafe da ƙafa huɗu, har wani ƙashi mai tsini na Iguanodon aka ɗora masa a hanci, ashe babban yatsansa ne. Gumakan suna nan har yau da kuskurensu. Sai zamanin attajiran Amurka, Andrew Carnegie mai kamfanin ƙarfe ya sa aka yi kwafin Diplodocus, wani ƙaton dainoso mai dogon wuya, ya aika Landan a 1905, ya bi sauran manyan biranen Turai da shi, saƙon a fili yake, namu ya fi na kowa girma. Kafin nan ma wasu masana biyu Cope da Marsh sun shafe shekaru suna gaba, suna sayen ma'aikatan juna, kowa na sauri ya riga ɗan uwansa raɗa suna, sai da suka tsiyata kansu. Bayan haka aka daɗe ana ɗaukar dainoso a matsayin dabba mai ƙaton jiki da ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda ta kasa tafiya da zamani ta mutu, shi ya sa har yau a jaridun Turanci in ana son zagin tsohon ɗan siyasa da ya ƙi sauka sai a kira shi dainoso.

Basakkwace:
Ashe muna da su da rai, cike da majalisa

Injiniya:
Zagin ma bai dace da dabbar ba. Sun bayyana wajen shekara miliyan 230 da suka wuce, suka riƙe duniya sama da shekara miliyan 160. Tazarar da ke tsakanin Stegosaurus da T-rex ta fi wadda ke tsakanin T-rex da mu, amma a rigar yara za ka gansu suna faɗa da juna. Kuma ba gazawa ce ta kashe su ba, dutse ne mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a inda Meziko take yanzu, shekara miliyan 66 da suka wuce, ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin tsirrai suka bi, masu cin nama suka bi. Luis Alvarez da ɗansa Walter suka kawo wannan bayanin a 1980, aka yi ta musu da su sai da aka tabbatar da ramin da dutsen ya bari a Chicxulub, can Meziko. Kuma lokacin ana tsakiyar tsoron yaƙin nukiliya, sai dainoso ya koma wa'azi, wato ku ma haka za ta iya faruwa da ku. Yanzu kuma masu maganar sauyin yanayi su suke ɗaukarsa.

Maman Hanif:
To wai duk sun mutu kenan ko akwai saura a wani daji? Don a fim na ga an dawo da su da jinin sauro

Malamin Kimiyya:
Hajiya akwai saura, kina da su a bayan gida kina watsa musu dawa. Tsuntsaye reshe ne na dainoso, su ne suka tsira. Kaza, zabuwa, jimina, duk. An samu Archaeopteryx a Jamus a 1861, yana da gashin tsuntsu amma ga haƙora ga doguwar jela mai ƙashi. Wani masani John Ostrom ya farfaɗo da maganar a farkon shekarun 1970, sannan daga 1996 aka fara tono dainoso masu gashi a lardin Liaoning na ƙasar Sin, gashin ya fito ɓaro-ɓaro a jikin dutse. In kin yanka kaza ki duba ƙafarta da kyau, yatsu uku gaba da ɓawon nan na sawu. Maganar sauro kuwa ta fim ɗin Jurassic Park ce na 1993, ba za ta yiwu ba, ƙwayar gado, wato DNA, ba ta kai ko kusa da wannan shekarun ba tare da ta wargaje ba. Kuma Velociraptor ɗin da suka nuna ya fi mutum tsayi yana buɗe ƙofa, na gaskiyar bai wuce girman talotalo ba in ka cire jela, kuma da gashinsa. Masu fim sun san da haka daga baya, amma mai gashi ba ya ba da tsoro, ba ya sayar da tikiti.

Maman Hanif:
Innalillahi, kazar tawa? Yau miyar ma ta fita raina

Abu Sumayya:
Kun gani ko, abin da na ce kenan. An fara da ƙashi yanzu an zo kaza jikar dodo ce. Ni a nan na tsaya, ƙashi na yarda, wannan kuwa a kai kasuwa

Na Garwa:
Ina bin ku daga Kamaru. Mu ma a arewa wajen Mayo Rey akwai sawunsu a kan dutse, kuma masana sun kwatanta su da wasu sawun a arewa maso gabashin Barazil suka ga iri ɗaya ne, don lokacin Afirka da Kudancin Amurka a manne suke, dabba tana takawa da ƙafa ta wuce. Amma ku tambayi ɗan makaranta a Garwa, ba zai ce ya taɓa ji ba.

Ɗan Agadas:
Yauwa Na Garwa, nan ne inda abin yake min ciwo, ba wajen gaskiya ne ko ƙarya ba. Muna da Nigersaurus, tsawonsa wajen mita 9, bakinsa mai faɗi a miƙe, haƙora sun kai 500 jere-jere a bayan juna, wanda ya cinye ya faɗi wani ya maye gurbinsa cikin kamar sati biyu, yana tafe kai a ƙasa yana kiwo. Muna da Sarcosuchus, ba dainoso ba ne shi, dangin kada ne, tsawon mita 9 zuwa 12 gwargwadon wanda ya yi lissafin, yana kwance a kogunan da suke gudana a inda yau ko ɗigon ruwa babu. Ka faɗa wa yaro cewa Tenere ta taɓa zama fadama mai koguna da kifaye manya, ai ka ba shi abin tunani na shekara. Amma wane yaro ne a Zinder ko Kano yake da rigar Nigersaurus? Duk T-rex ne, dabbar da a yammacin Amurka da Kanada kawai aka same ta. Su sun mayar da nasu jarumin duniya, mu namu ko a littafin firamare babu.

Kuma ƙasusuwan da yawa ba sa gida. Ana ɗauka a kai Shikago ko Faris a ce za a gyara a yi nazari a dawo da su.

Injiniya:
Wannan tsohon ciwo ne. Ƙaton da yake tsaye a gidan tarihin Balin, Giraffatitan, daga Tendaguru ta Tanzaniya Jamusawa suka kwashe shi tsakanin 1909 da 1913, 'yan ƙasa ɗaruruwa ne suka yi haƙan suka ɗauko a ka har bakin teku, kuma har yau ana maganar a mayar. Barazil ta matsa wa Jamus lamba sai da aka dawo mata da wani ƙaramin dainoso a 2023. Kuma masu cewa can ya fi tsaro su tuna Spinosaurus na farko da aka ɗauko daga Masar, a Munich yake lokacin da bam ya faɗa wa gidan tarihin a 1944, ya tafi kenan sai hotuna da zane.

Baban Ilham:
To amma tsakani da Allah in an dawo da su ina za a ajiye? Mu da ko takardun haihuwa ba ma iya adanawa. Ba gara su zauna inda ake kula da su ba

Ɗan Agadas:
Yaya da kai ne ka ce babu su, yanzu kuma kana tsoron kar su lalace a hannunmu? Hhh. Amma maganarka da ƙamshin gaskiya, ƙashin nan yana son ɗaki mai kyau da ma'aikata da suka san aikin. Shi Sereno ya daɗe yana maganar gina gidajen tarihi a Yamai da Agadas a dawo da kayan, mu dai ido muka zuba. Ni abin da na fi so ma a koyar da yaranmu aikin, ɗan Ingal ya zama shi ne mai rubuta takardar ba mai riƙe shebur da nuna hanya kaɗai ba.

Basakkwace:
Ku bari in tambayi abin da kowa ke son tambaya yana jin kunya. Nawa ake sayar da shi

Injiniya:
Na san za a zo nan. A 2020 an yi gwanjon wani T-rex da ake kira Stan a kan dala miliyan 31.8, a 2024 kuma wani Stegosaurus ya kai dala miliyan 44.6. Amma a Amurka ne, inda doka ta ce abin da ka tono a gonarka naka ne. Masana ma ba sa son haka don in attajiri ya saye ya kai falonsa shi kenan an rufe ƙofar nazari.

Ɗan Agadas:
Basakkwace kar ka soma. A Nijar dukiyar ƙasa ce, in jandarma suka kama ka da shi a mota ba ruwana. Kuma wanda ya fizge ƙashi daga inda yake kwance ya riga ya ɓata rabin amfaninsa, don dutsen da ke kewaye da shi ne yake faɗin shekarunsa da abin da ya kashe shi.

Baban Ilham:
Ni dai har yanzu sai na gani da idona. Wannan na Yamai ɗin, na asali ne ko shi ma na roba ne irin wanda Malam ya ce? Kuma nawa ne kuɗin mota daga Birnin Konni, don in da hali bayan sallah zan leƙa.

Ɗan Agadas:
In ka shiga ka tambayi ma'aikatan su nuna maka wanda yake dutse da wanda aka cike, ka ga ka huta da jin ta bakina. Kuɗin mota kuma bari in tambayi ƙanena, shi yake bin hanyar, zan turo maka ta inbos.

Abu Sumayya:
In ka je ka ɗauko mana hoton haƙoran nan 500, ni sai na ƙirga da kaina